Wasan Yara Da Amfaninsa Ga Ilimi: Darasi Domin Hakimai Da Malamansu, Da Misali Daga Ƙasar Dawakin Tofa

A wurin mutane da yawa, wasa shi ne abin da yaro ke yi sa'ad da ya rasa abin yi. In aka ga yaro ya tara ƙasa yana ginin ɗaki, ko yarinya ta goya ɗan kara tana rarrashinsa, sai a ce shiririta suke yi, a kira su a aike su. Wannan ra'ayi ya daɗe, kuma yana da dalilinsa, domin gidan manomi ba ya rabuwa da aiki. Amma malaman tarbiyya na dā da na yanzu, da likitocin yara, sun haɗu a kan magana ɗaya, watau wasa shi ne makarantar farko ta ɗan Adam. A cikinsa yaro ke fara koyon magana, da ƙidaya, da haƙuri, da bin doka, tun bai riƙe allo ko alƙalami ba. Yaron da aka tauye wa wasa yakan shiga makaranta da rauni, kuma raunin yakan bi shi har girma.

Tun da yake hakimi shi ne idon Sarki a gundumarsa, kuma ta hannunsa da na dagatai da masu unguwanni maganar filaye da makarantu da lafiyar talakawa ke bi, ya kamata ya san wannan al'amari sosai, shi da malaman da ke rubuta masa.

1. Ƙasar Dawakin Tofa

Dawakin Tofa tana arewa maso yamma da birnin Kano, kuma an daɗe da saninta da zama ƙasar Madakin Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki. A ƙidayar 2006 an sami mutum 247,875 a ƙaramar hukumar, a cikin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 479, watau fiye da mutum 500 a kowane murabba'in kilomita. A cikinta akwai garuruwa irin su Dawanau, da Ganduje, da Marke, da Kwa, da Tattarawa, da Jalli, da Gargari. Kasuwar Dawanau, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma.

Wannan ƙasa tana cikin kewayen Kano mai yawan jama'a, wanda Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara bincikensa cikin shekarun 1960. Ya nuna cewa a nan gona ba ta hutawa. Kowace shekara ana zuba mata taki, a shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, har bakin dangar gida. Babu saura, babu daji sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Wannan ƙwazo abin yabo ne, amma yana da abin da ya haifar wa yara. A ƙasar da kowane taku ke da mai shi, wurin wasa bai wuce huɗu ba: tsakar gida, da dandalin ƙofar mai unguwa ko na gindin wata bishiya, da filin makaranta, sai kuma gonaki bayan an yi girbi. Da damina, in shuka ta tashi, na huɗun ya rufe. Saboda haka in aka rasa dandali ɗaya a ƙauye, ba a sami madadinsa ba ke nan.

2. Yadda Ƙaramin Yaro Ke Koyo

Likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam takan kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta kafin yaro ya cika shekara 6. A cikin waɗannan shekaru ne ƙwayoyinta ke ƙulla hanyoyi tsakaninsu. Misalinsu kamar turba ce a cikin gona: wadda ake bi kullum takan fito fili, wadda aka daina bi kuwa ciyawa ta rufe ta. Abin da ke buɗe waɗannan hanyoyi shi ne abin da yaro ya taɓa da hannunsa, ya gani da idonsa, ya ji da kunnensa, ya maimaita har ya iya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to, a wurin ƙaramin yaro taɓawa ma ta kori gani.

Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, ya kasa wasan yara kashi uku bisa ga shekarunsu, kuma duk wanda ya zauna a gidan Bahaushe zai gane su.

Na farko shi ne wasan maimaici, tun daga haihuwa har wajen yaye. Jariri ya kama ludayi ya buga a ƙwarya, ya jefar, a miƙo masa, ya sake jefarwa. Uwa takan gaji, amma shi gwaji yake yi: yana gano cewa abu in an sake shi ƙasa yake faɗuwa, kuma abin da ya ɓace wa ido bai bar duniya ba.

Na biyu shi ne wasan kwaikwayo, daga wajen shekara 2 zuwa 6. A nan ne kara ke zama doki, ƙasa ta zama tuwo, ganye ya zama kuɗi.

Na uku shi ne wasa mai doka, wanda ke kankama daga wajen shekara 7, irin su langa da dara, inda yara ke yarda da ƙa'ida ɗaya, su hukunta wanda ya karya ta.

Kashi na biyu ya fi cancantar a tsaya a kansa. Wani masanin Rasha, Lev Vygotsky, a wata lacca da ya yi a 1933, ya kawo misalin yaron da ya hau sanda ya ce doki ne. Yaran Dawakin Tofa sun san wannan doki, domin shi ne dokin kara. Yaron ya san sarai kara ne, amma ya sa shi ya tsaya a madadin doki. Wannan dabara, watau a sa wani abu ya tsaya a madadin wani, ita ce tushen karatu baki ɗaya. Baƙin da ke kan allo zane ne kawai na tawada, sai an yarda ya tsaya a madadin sauti sa'an nan ya zama harafi. Lambar 5 ma zane ce da ta tsaya a madadin awaki biyar. Yaron da ya shekara uku yana mai da kara doki, tsakuwa kuɗi, ya riga ya saba da wannan aiki, in ya zo gaban malami ba baƙon abu zai tarar ba.

3. Wasannin Gargajiya Da Abin Da Suke Koyarwa

Ba sai an sayo kayan wasa daga kanti ba. Wasannin da aka gada kaka da kakanni sun ƙunshi kusan duk abin da ƙaramin yaro ke bukata.

Tuwon ƙasa da 'yar tsana. 'Yan mata ƙanana sukan kafa murhu da duwatsu uku, su ɗora gwangwani, su raba aiki: wannan uwar gida, wannan amarya, wannan baƙuwa. Har auren 'yar tsana sukan yi, da kai gara da rakiya. A ciki suna koyon gaisuwa, da jera aiki bi da bi, da yadda ake magana da babba da yadda ake yi da ƙarami. Wadda aka ba matsayin uwa dole ta daure ta yi halin uwa, ko da ranta na son ta tashi ta yi tsalle. Wannan dauriya ita ce za ta zaunar da ita a aji gobe.

Motar kara da ginin yumɓu. Da kaka, in an yanke dawa, yara maza sukan ɓare kara, su yi amfani da ɓawon da totuwar su ƙera mota, ko keji, ko tabarau. Wanda zai ƙera mota tilas ya auna, ya daidaita ƙafafu huɗu, in ta karkace ya nemi dalili. Haka mai ginin sa ko tukunya da yumɓu. Yatsun da suka saba da wannan ba su shan wuyar riƙe alƙalami.

Carafke. Yarinya ta jefa tsakuwa sama, ta kwashe na ƙasa kafin ta cafe ta saman, ɗai-ɗai, sa'an nan bi-biyu, sa'an nan uku-uku. Wannan ƙidaya ce da tarawa da rabawa, ga kuma horon ido da hannu su yi aiki tare.

'Yar gala-gala da langa. Dukansu tsalle ne da ƙafa ɗaya, suna ƙarfafa gaɓoɓi da koya wa jiki daidaituwa. A langa akan rabu gida biyu, kowane gida da ruwansa da dawakinsa. Dawaki su kare ruwa har ya kai wurin sha, su kuma tare na abokan karawa. Yaro yakan gane a nan cewa nasara ta ƙungiya ce, kuma wani lokaci sai ya faɗi domin ɗan'uwansa ya wuce.

Dara. Akan haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗaya na abokinsa. Yara sukan fara da kallon manya a gindin bishiya, kāna su haƙa tasu a gefe. Dara tana koyar da hangen nesa da tunani kafin motsi.

Gaɗa. 'Yan mata su yi da'ira suna tafi da waƙa, ɗaya ta faɗo da baya, sauran su tare ta su cilla. Akwai hadda a ciki, da bin kari, da amana, domin ba mai faɗawa hannun wanda ba ta yarda da shi ba.

Tatsuniya, da kacici-kacici, da karin magana. Waɗannan wasan baki ne, kuma su ne ke cika wa yaro rumbun kalmomi. Yaron da ke sauraron labarin Gizo da Ƙoƙi yana koyon riƙe farkon zance har ya kai ƙarshensa. Kacici-kacici kuwa yana tilasta masa ya kwatanta abu da abu.

Tashe. Daga goma ga watan azumi yara sukan fita da dare suna kwaikwayon manya, da malami, da maharbi, da tsoho, da mai rowa. Su ne ke shirya kayansu, su raba matsayi, su raba abin da suka samu. Wasa ne, amma akwai shugabanci a ciki, da lissafi, da gargaɗi ga jama'a.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa kayan aikinsa kara ne, da ƙasa, da tsakuwa, da yumɓu. Abin da yake bukata wanda ba a samu kyauta shi ne fili, da lokaci, da yardar manya.

4. Abin Da Malaman Musulunci Suka Faɗa

Wasu iyaye sukan ɗauka barin yaro ya yi wasa sakaci ne da tarbiyya. Magabata ba su tafi a kan haka ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, takan yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kuwa hana su ba. Nasa'i ya ruwaito cewa ɗaya daga cikin jikokinsa, Hasan ko Husaini, ya hau bayansa yana cikin sujada, sai ya tsawaita sujadar domin kada ya katse wa yaron abin da yake yi.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa ya kamata in yaro ya taso daga makaranta a bar shi ya yi wasa mai kyau ya huta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana dusashe masa basira, ya sa ya tsani karatun har ya riƙa neman dabarar guje masa. Ibn Haldun kuma, a cikin Muƙaddimarsa ta 1377, ya yi gargaɗi cewa tsanantawa ga ƙananan ɗalibai tana koya musu ƙarya da kasala. Har wa yau, al'adar makarantun allo ta ba da hutun Alhamis da Jumma'a tana nuna cewa alarammomin dā sun san zuciyar yaro tana bukatar sararawa.

5. Abin Da Aka Gano A Wasu Ƙasashe

A ƙasar Jamus, wani malami mai suna Friedrich Froebel ya buɗe makarantar ƙananan yara a 1837, wadda a 1840 ya raɗa mata suna mai ma'anar lambun yara. Karatunta waƙa ne, da wasa da guntayen katako, da shuka a ɗan lambu. A ƙasar Italiya, wata likita mai suna Maria Montessori ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, inda yara ke koyo ta hanyar taɓa abubuwa da jera su da kansu. Daga waɗannan biyu ne yawancin makarantun ƙananan yara na duniya suka samo tsarinsu.

Amma gwajin da ya fi kusa da halin ƙauyukan Kano shi ne wanda aka yi a Kingston, babban birnin Jamaika, daga 1986. Wata likita, Sally Grantham-McGregor, da abokan aikinta, sun ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24, 'ya'yan talakawa, waɗanda ƙarancin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Aka kasa su huɗu. Kashi ɗaya aka riƙa ba su madara. Kashi na biyu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako, ta yi awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da hira da shi, da kayan wasa na haɗin gida. Kashi na uku suka sami duka biyu, na huɗu kuwa ba su sami ko ɗaya ba. Aka yi shekara biyu ana haka.

Bayan shekara 20 aka nemo waɗannan yara, sun zama samari da 'yan mata. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100, har sun kamo tsararsu da ba su tsumbure ba. Amfanin madarar kuwa, ko da yake ya bayyana da fari, bai ɗore haka ba. Wannan bai nuna abinci ba shi da muhimmanci ba, ya dai nuna ciki da ƙwaƙwalwa kowanne da irin cimarsa. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wasa da jan yaro a jiki cikin matakan jinyar yara masu tamowa mai tsanani.

6. Abin Da Doka Da Hukuma Suka Tanada

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, a sashe na 31, ta ce hutu da wasa haƙƙin yaro ne. Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta kuma kafa dokar haƙƙin yara ta tarayya a 2003. Jihar Kano ta kafa tata dokar kare yara a 2023. Manufar ilimi ta ƙasa, tun fitowarta ta farko a 1977, ta ce ta hanyar wasa za a koya wa ƙananan yara lambobi da haruffa da launuka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, fitowar manufar ta 2013 kuma ta tanadi aji na shekara ɗaya na share fage kafin firamare. A 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 11 ga Yuni ta zama ranar wasa ta duniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta bayar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana. Ta ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba gaban talabijin ko wayar hannu, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya.

Doka dai ga ta nan a rubuce. Amma takarda ba ta tsare dandali, sai mutumin da ke wurin.

7. Abubuwan Da Ke Tauye Wasa

Na farko, ƙarancin fili. Birnin Kano yana ta faɗaɗa ta wajen Dawanau, ana yanka gonaki ana mai da su fulotai. Mai yanka fili yakan tuna da hanya, wani lokaci ya tuna da masallaci, amma da wuya ya tuna da yara. In gado ya zo rabo, dandalin da aka saba wasa a kai shekara da shekaru yakan zama rabon wani, a wayi gari an kewaye shi. Filin makaranta ma, in ba shi da iyaka bayyananna, maƙwabta sukan ci shi kunya-kunya.

Na biyu, yawan aiki. Wata masaniya Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike kan yaran birnin Kano cikin shekarun 1970, ta nuna cewa yara su ne ƙafafun matan da ke cikin gida: su ake aike, su ke talla, su ke cefane. A ƙauye kuma ga kiwo, ga ɗibar ruwa, ga raino. Aiki daidai ƙarfin yaro tarbiyya ne, ɗan manomi da 'yar fartanyarsa a bayan ubansa koyo yake yi. Laifin yana wurin yawa. Yarinya 'yar shekara 6 da ta wuni da tire a ka, ko da ƙani a baya, ba ta da sauran lokaci ko ƙarfi, kuma nauyin ya fi faɗawa kan mata.

Na uku, gaggawar karatu. Akan tara 'yan shekara 3 da 4 a ɗaki, a zaunar da su awa huɗu suna maimaita abin da ba su gane ba, mai motsi ya sha bulala. Iyaye su ji yaro yana rera haruffa su yi murna, alhali in aka nuna masa harafi ɗaya shi kaɗai ba zai gane shi ba.

Na huɗu, wayar hannu. Tana sa yaro shiru, saboda haka uwa mai aiki takan miƙa masa. Amma waya ba ta amsa gwarancin jariri, kuma ta ƙwace lokacin tatsuniya a gidaje da yawa.

Na biyar, haɗari. Kududdufin da aka haƙa domin ƙasar gini yakan cika da damina, ga rijiyoyi marasa murfi, ga gwangwanayen maganin ƙwari da ake yarwa a bola, ga manyan motocin hatsi a kan titi. In aka yi rashi sau ɗaya, iyaye sukan kulle yaransu gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne a kawar da haɗarin, a bar wasan.

8. Aikin Hakimi Da Malaminsa

Tun dokar filaye ta 1978 ikon ƙasa yana hannun gwamna da ƙaramar hukuma. Duk da haka hakimi da dagatansa ne suka san iyakar kowace gona, su ake nema shaida wurin ciniki, su ke sulhu in an yi rikici, kuma maganarsu tana da nauyi a majalisar ƙaramar hukuma. Ga abubuwan da suka kamata:

(a) In hakimi ya fita rangadi, ya sa kowane dagaci da mai unguwa su nuna masa inda yaran garin ke wasa. Malamin hakimi ya rubuta wurin a littafi, da faɗinsa, da maƙwabtansa ta kusurwa huɗu, da sunan mai shi in yana da mai shi.

(b) In za a yanka sababbin fulotai, hakimi ya ba da shawara a rubuce cewa a bar wa yara fili, a sa shi cikin taswira. Malami ya ajiye kwafin takardar.

(c) A fitar da iyakar filin kowace makaranta gaban shaidu, a dasa darbejiya a jere a kanta. Bishiya iyaka ce, inuwa ce kuma.

(d) Kafin saukar damina, masu unguwanni su zaga da ma'aikatan tsabta, a yi wa rijiyoyi baki da murfi, a shinge kududdufan da ke kusa da gidaje, a gargaɗi manoma su binne gwangwanayen magani.

(e) In hakimi ya ziyarci makaranta, ya leƙa ajin ƙanana. Ya duba ko suna fita hutun tara, ko akwai abin taɓawa a ajin. 'Ya'yan tsamiya, da marafan kwalba, da kara, da yumɓu sun isa koyar da ƙidaya da siffofi. Kwamitin iyaye yana iya gayyato tsofaffin mata su riƙa yi wa yara tatsuniya.

(f) Ta bakin limamai da alarammomi a tunatar da jama'a abin da magabata suka faɗa, cikin girmamawa, domin malami ya fi jin maganar malami ɗan'uwansa.

(g) A wurin suna da taron gari a ja hankalin magidanta su rage wa ƙananan 'yan mata talla da raino, su kuma san cewa uba ya zauna ya yi wasa da ɗansa ba zubar da girma ba ne. Unguwar zoma da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su nuna wa masu jego amfanin yi wa jariri magana da waƙa.

(h) Kada a manta da yaro makaho, ko kurma, ko gurgu. Sau da yawa akan ɓoye shi a ɗaki, alhali bukatarsa ta wasa ta fi ta kowa.

(i) A rarrabe wasa da ɓarna. Caca, da jifa, da yawon dare ba tare da babba a kusa ba, wajibi ne a hana su. Hanya mafi sauƙi ita ce dandali ya kasance a sarari, kusa da inda dattawa ke zama.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa daga baitulmali. Abin da suke bukata shi ne lura da kuma rubutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma fili tun ba a kewaye shi ba ake tsare shi, domin in gini ya hau, sai dai shari'a. Hakimin da ya bar wa kowane ƙauye na ƙasarsa dandali ɗaya mai iyaka a rubuce ya yi wa makarantun gundumarsa hidimar da malamansu za su ga amfaninta a aji ɗaya kowace shekara.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Me ya sa rasa dandali ya fi yin illa a ƙasa irin ta Dawakin Tofa fiye da ƙasa mai yalwar daji?
2. Wace dangantaka ce ke tsakanin dokin kara da koyon haruffa?
3. A kawo wasanni uku na gargajiya, a faɗi abin da kowanne ke koyarwa.
4. Mene ne gwajin Jamaika ya nuna game da abinci da wasa?
5. Wace amsa za a ba magidancin da ya ce wasa sakaci ne da tarbiyya?
6. Kowane malamin hakimi ya rubuta jerin wuraren wasa na ƙauye ɗaya a gundumarsa, da haɗarin da ke kusa da kowanne, ya kai wa hakimi kafin rangadi na gaba.